Katunan bashi uku, albashi ɗaya

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na kati yana son lissafi. Nawa katunan uku ne, kuma a takarda guda nake rubuta su: abin da ake bina, kuɗin ruwa, da ranar biya.

Takardar ce ta nuna mini cewa ɗan mafi ƙarancin kuɗin da banki ke nema duk wata, ruwa ne ke lashe kaso mai tsoka a ciki, uwar kuɗin kuwa da ƙyar take motsi. Katin da ruwansa ya kai kashi 24 cikin 100 a shekara, kusan kashi 2 ke nan yake hawa kan ragowar duk wata. Shi ya sa nake biyan mafi ƙarancin a kan biyu don kauce wa tarar jinkiri, duk rarar da ta samu in jibga wa mai ruwa mafi tsada. Wata abokiyar aikina ta fi son fara kashe ƙaramin bashi, wai ganin kati ɗaya ya koma sifili yana ƙara mata ƙwarin gwiwa. Ban ga laifinta ba, sai dai tana biyan ruwa fiye da ni.

Ciro tsabar kuɗi daga wannan kati don biyan wancan kuwa tufka da warwara ne. Galibi ruwan na fara hawa tun ranar, ga kuma cajin cirewa a kai.