Motar da take sanɗa in an juya mata baya

Ƙannena masu sha'awar ƙere-ƙere, musamman ku da kuka fara tsintar famfunan haidirolik a wurin 'yan gwangwan kuna haɗa ƙananan motoci da su, akwai maganar da nake so ku ji daga bakina kafin ta same ku a gareji. Na ƙera 'yar mota ta kwasar buhuna a gona, ba giya ba kuloci, liba biyu ce kawai, ɗaya ta tayar dama ɗaya ta tayar hagu. Haɗa ta har ta yi tafiya bai ci mini wata biyu ba. Amma sa ta ta tsaya cik idan an saki liba ya ci mini kusan damina guda, kuma saura ƙiris ya ci ƙafar yarona.

Da hantsi abin ya faru. Na tayar da injin na bar shi yana ɗumama, na tsayar da libobin a tsakiya kamar yadda na saba, na shiga shago ɗauko sifana. Yaron da ke koyon aiki a wurina yana tsugunne a gaban motar yana wanke notuna a cikin kwano, bango na bayansa. Motar ba ta zabura ba, ƙarar injin ma ba ta sauya ba. Sanɗa ta yi kamar hawainiya har ƙarfen gabanta ya danne masa ƙauri, ga shi babu wurin ja da baya. "Oga! Oga, tana matse ni!" Na fito a guje na fizgo liba baya. Allah ya taƙaita ƙashi bai karye ba, amma ya yi mako biyu yana ɗingishi, kuma ni na kai shi gida, na durƙusa gaban mahaifinsa na yi bayani. Har yau in na tuna kallon da dattijon ya yi mini kafin ya ce "Allah ya kiyaye gaba," jikina yakan yi sanyi.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, firin wannan irin mota daban yake da na motar da muka taso muka sani. A motar giya, in ka sa firi ka raba haƙoran ƙarfe da juna, injin ya yi ta juyawa shi kaɗai. A tsarin haidirostatik, wato irin na motata da matsin mai ke tafiyar da ita, babu abin da yake rabuwa. Injin yana juya famfo muddin yana kunne. A cikin famfon akwai fistin 5, 7 ko 9 jere a da'ira, ƙafafunsu na taka wani faifan ƙarfe. In faifan ya karkata gefe guda, fistin su riƙa shiga da fita suna tura mai zuwa moton da ke jikin taya, mota ta yi gaba. In ya karkata ɗaya gefen, man ya juya, mota ta yi baya. In faifan ya tsaya daidai ba karkata, mai ba ya gudu, shi ke nan firin. Ashe firi wani ɗan tsukin wuri ne tsakanin gaba da baya, kamar kaifin wuƙa. Dabarar tsohuwa ce, don tun 1967 kamfanin International Harvester na Amurka ya fitar da tarakta samfurin 656 mai wannan tsari, kuma shi ne a cikin injinan yankan ciyawa masu liba biyu da muke samun famfunansu a nan.

Ku ɗauki biro mu yi lissafin da ban yi ba sai bayan ɓarna. Faifan ƙananan famfunan nan bai cika wuce digiri 15 a kowane gefe ba. Ɗan hannun da ke jikin famfona, wanda sandar liba take kamawa, tsawonsa santimita 8 ne. In ramin fil ɗin da ke haɗa su ya yi lako-lako da milimita 1 kacal, faifan ya karkata da kusan digiri 0.7. Wannan kusan kashi 5 cikin 100 ne na cikakken gudu. Motar da gudunta kilomita 10 ne a awa, za ta rarrafa kusan mita 8 a minti guda. Tsakanin motata da bangon nan ko mita 2 babu.

Gyarana na farko shi ne na ɗaure notin gindin liba tam, na ƙara washa, don liba ta daina lilo. Ta daina kuwa, duk inda ka aje ta nan take tsayawa, har da inda ba firi ba. Ido da hannu ba za su iya auna milimita ɗaya ba, girgizar injin kuma tana matsar da ita kaɗan-kaɗan. A wannan halin motar take ranar da ta danne yaron.

Daga nan na koma kan dabarar da na san yawancinku ita za ku fara yi: sifirin biyu, ɗaya na jan liba gaba ɗaya na jan ta baya. A ido abin ya yi kyau. Amma a daidai tsakiyar, ƙarfin wannan yana kashe ƙarfin wancan, babu abin da yake riƙe da libar. Ka ture ta ɗan kaɗan, ƙarfin da zai mayar da ita bai kai taurin gaɓoɓi da tsatsar fil ba, sai ta tsaya a nan. In ka sako ta daga gaba ta tsaya wuri ɗaya, in ka sako ta daga baya ta tsaya wani wurin. Na sauya sifirin ya fi sau biyar, na sa masu kauri har tuƙi ya zama wahala, duk a banza. Na kuma gwada sandar iskar nan da ke ɗaga murfin but ɗin mota don ta tausasa motsin liba, ashe ita kullum turawa take gefe guda, ta ƙara ɓata lamarin.

Wani dattijo tsohon makanikin tarakta ne ya buɗe mini ido. Ya zo wucewa ya tarar da ni ina fama, ya tsaya ya harɗe hannu. Can ya ce in taka totur shi kuma ya tsuguna yana kallon ƙarƙashi. Ya ce, "Ɗana, zo ka gani." Injina da famfunan suna zaune a kan faranti ɗaya da na ɗora bisa robobi don rage girgiza, libobi kuwa a jikin shasi na kafa su. Ana taka totur sai farantin ya ɗan murɗa a kan robobin, famfo ya matsa, sandar liba kuma tana nan inda take. Wato hannun famfo ya motsa ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Na ce, "Baba, to ai ko na kafe libar da walda ba zai hana ba ke nan." Ya ce, "Ka bar jaki kana dukan taiki. Je ka riƙe shi a jikin famfo."

Abin da ya zana mini a ƙasa da tsinke almakashi ne. Ƙarfe biyu shafaffu, kowanne da rami a gindi, ka zura su a kan sandar da ta fito daga famfon, su riƙa juyawa a sake kamar bakin almakashi. Sifirin guda ɗaya ya haɗa kawunansu yana jan su su rufe. A tsakanin bakin nan biyu akwai fil biyu a jere. Ɗaya a jikin hannun famfo yake, yana tafiya tare da shi. Ɗayan kafaffe ne, a kan wani faranti da aka ɗaure a jikin gangar famfon kanta. In ka tura liba gaba, fil mai tafiya ya buɗe baki ɗaya, kafaffen fil ya tare ɗaya bakin, sifirin ya miƙe. Ka saki, bakin ya koro fil ɗin har ya buge kafaffen, ya tsaya ƙyam. Baya ma haka. Sirrin yana wurin sifirin: tun a rufe a ɗame yake, saboda haka kafin hannun famfo ya motsa ko gashi guda sai ka rinjayi wannan ɗamewar. Daga baya na ga irin wannan almakashin a jikin kayan Hydro-Gear, kamfanin da ke Sullivan a jihar Ilinoy, shi ma da farantin saiti.

A nan ma sai da na yi tuntuɓe. Kafaffen fil na yi shi da santsin rodi mai kaurin milimita 10, mai tafiyar kuma na sa bol mai zare. Zaren ya ɗan gaza rodin kauri, kwana kaɗan kuma ya cinye, sai almakashin ya cafke kafaffen ya bar ɗayan yana wasa a tsakani. Dole kaurin su biyun ya zama ɗaya sak, bakin almakashin kuma a goge shi ya miƙe. In ka rufe shi ka kama hannun famfo da yatsa ka ji ko ɗan motsi, ba ka gama ba. Farantin kafaffen fil kuma kada ka yi masa walda. Yi masa dogon rami ya riƙa zamewa, domin ta nan za ka yi saiti.

Saitin yana son haƙuri. Ɗaga motar tayoyi su bar ƙasa, ka tokare ta da katakai masu kauri, kada ka dogara da jak. Cire sandunan liba gaba ɗaya. Tabbatar babu iska a cikin mai, don mai mai kumfa ƙarya yake yi maka. Bar injin ya yi aiki mai ya ɗumama, ka taka totur sosai, ka sassauta farantin. Zame shi a hankali har taya ta fara juyawa gaba, ka yi alama da alli. Dawo da shi har ta fara juyawa baya, ka yi wata alamar. Ɗaure shi a tsakiyar alamun biyu. Sai ka tura hannun famfon gaba ka saki, baya ka saki, sau da yawa, kana kallon tayar. Bayan haka ne za ka mayar da sandar liba, ka daidaita tsawonta yadda fil zai shige ramin salin-alin ba tare da ka ja komai ba. In sai ka ɗan janyo hannun famfo kafin fil ya shiga, ka rushe aikin da ka yi. Ramukan da na huda a ƙarfe duk na zubar da su, na sa kawuna masu boris irin na tayarod, na yi wa gindin liba bushin da giris ta riƙa motsi sakayau. Na kuma rage wa libobin tsawo da nauyi, don doguwar liba mai nauyin kai tana kokawa da sifirin duk lokacin da aka faɗa rami.

Ku sake dubawa da sanyin safiya, musamman lokacin hunturu. Mai in ya yi zafi yakan tsinke, ya riƙa sulalewa ta cikin famfo ya ɓoye ƙaramar karkata. In ya yi sanyi ya yi kauri sai karkatar ta bayyana.

Ko da almakashi ya zauna daram, ina roƙonku kada ku ɗauki firi a matsayin birki. Mai yana sulalewa a cikin moto, motar da aka bari a gangare da kaya za ta gangara a hankali ko injin a kashe yake. Na sa birkin hannu na ƙarfe, ina kuma ɗauke da waigi. Wayar kik na bi da ita ta maɓallai biyu a jikin libobin, in ba a firi suke ba injin ba zai tashi ba. Sannan in kuna neman inda tiyo yake yoyo, da kwali za ku nema, kada ku shafa da hannu. Matsin man nan yana iya haura bar 200, alhali tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗoriya ce. Siririn tsartuwarsa yana huda fata ya shige nama, wanda abin ya sama kuma asibiti zai nufa nan take ko da ramin bai fi na allura ba.

Yaron nan yana wurina har yanzu. Shi na ɗora wa gwajin kowace safiya: ya ja layi da alli a ƙasa daidai tayar gaba, ya hau kujera, ya tayar da injin, ya saki birki, ya ɗauke hannuwansa daga libobin minti biyu cur. In taya ta taka layin, motar ba ta fita ranar sai mun ɗaga ta mun sake saiti.