Ma'aikatar Al'adu da Nauyin Badalar Kano

A watan Agustan 2023 ne Shugaba Bola Tinubu ya cire harkar al'adu daga Ma'aikatar Yaɗa Labarai, inda ta daɗe tana raɓe, ya kafa mata ma'aikata mai zaman kanta tare da naɗa Hannatu Musawa minista, sannan a Oktoban 2024 aka haɗe mata yawon buɗe ido. Na yi farin ciki da matakin, domin muddin al'adu suna zaman ɗan riƙo a ma'aikatar da babban aikinta shi ne yaɗa manufofin gwamnati, ba za su samu kason da ya dace da su ba.

An ga alheri a 'yan shekarun nan. Jamus ta amince a 2022 ta mayar wa Nijeriya mallakar kayayyakin tagulla fiye da 1,000 da sojojin Ingila suka kwashe daga fadar Benin a 1897, Holan kuma ta dawo da guda 119 a 2025. A Disambar 2024 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, kamar yadda ta sanya bikin kamun kifi na Argungu a 2016.

Sai dai ni a ganina, ma'aunin irin wannan ma'aikata shi ne yadda take kula da abin da ke hannunmu tun fil azal, kuma badalar Kano ce misalin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Ganuwa ce ta ƙasa, ginin ƙasa kuwa ba ya tsayawa sai da yaɓe akai-akai, shi ya sa a da ake tara jama'a aikin gayya bisa umarnin sarki, a toshe duk inda damina ta zaizaye. Wannan tsari ya mutu, ba a kuma kawo wanda zai maye gurbinsa ba. Yau duk wanda ya bi ta wajen Ƙofar Na'isa ko Ƙofar Gadon Ƙaya zai ga inda badalar ta zube, da inda aka kwashe ƙasarta, da inda shaguna suka hau kanta, alhali tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya.

Tushen matsalar yana cikin rabon iko. Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979 take kuma ƙarƙashin wannan ma'aikata, ita doka ta ɗora wa kare wuraren tarihi, amma Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamnoni. Saboda haka hukumar tana iya cewa kada a taɓa wuri, wani ofishin kuma ya yanka fuloti a jikinsa.

Nan ne nake son ganin ma'aikatar ta tsaya tsayin daka. Ta zauna da gwamnatin jiha da masarauta a shata iyakar abin da ya rage na badalar a rubuce, a ware kuɗin yaɓe a kasafin kowace shekara, a kuma ɗauki maginan gargajiya aiki na dindindin tare da matasan da za su koya a hannunsu, domin waɗanda suka ƙware a tubali da makuba da azara suna ta tsufa. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ma irin wannan kulawar take buƙata.