Tarihin Rayuwata, kashi na 19: Doki da harawarsa

A makon jiya na tsaya ne inda na koma karatu da girmana, ga 'ya'ya huɗu a gida, kowa da nasa aikin makaranta. A nan firinta ta shigo rayuwata, a nan kuma muka sami saɓanin nan da Yaya wanda har yau in na taɓo shi sai ya ce ni mai riƙo ne.

Marigayi Baba yana da wata magana da ba ya gajiya da ita: "Ba a tambayar kuɗin doki, harawarsa ake tambaya." Ko agogo ka sayo sai ya jefa maka ita. Muna yara mun ɗauke ta mitar tsufa. Ranar da za mu sayi firintar, wallahi maganar ta faɗo mini a rai, na haɗiye ta, don Yaya ne a gaba. Ya dafa wani kwali ya ce, "Kai dai ɗauki wannan. Tana buga launi, tana kwafi, kuma duk ta fi su araha. Me kuma kake nema?" Ni ƙane ne, na ce to.

Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don ba shi ya kama hannuna ba. Mai tawada ce, irin mai katirij biyu, wato ƴan akwatunan da tawadar ke ciki, ɗaya baƙi, ɗaya mai launi uku a haɗe. Makonnin farko gidan kamar an yi baƙo. Auta har hoton kyanwa ta buga ta manna a ƙofa. Ba a yi wata biyu ba tawada ta ƙare. Sai daga baya na gane katirij ɗin da ke zuwa cikin kwali sau da yawa na ɗanɗano ne, ba ya kai cikakken da ake saya daban. Na sayi sababbi sau biyu, na zauna na yi lissafi, na ga na kusa biyan kuɗin na'urar a karo na biyu. Ga kuma haushin mai launin: ruwan ɗorawa ya ƙare, sauran biyun suna nan, amma dole ka jefar da duka. Harawa ke nan.

Duk wannan da sauƙi. Daren da ba na mantawa shi ne na kundin kammala karatuna. An yi dogon hutu ba wanda ya taɓa firintar, wajen wata biyu. Da safe zan miƙa, shafi 74. Na danna, ta ja takarda, ta fito da ita da fararen layuka sun ratsa rubutun kamar an ja tsinke a kai. Auta ta ɗaga shafin saitin fitila tana ƙoƙarin karanta sunana, rabin haruffan babu. Na sa firintar ta wanke kanta, wato inda tawada ke fita, ta yi ta gurnani, na sake gwadawa, na sake wankewa. Sau biyar. Ina kallon alamar tawada a fuskar kwamfuta tana sauka, don da tawadar take wanke kan. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, ka ƙyale ta haka nan, gari ya kusa wayewa." A waje na buga kundin da safe, ina gumi, na miƙa a makare. Da na faɗa wa Yaya, cewa ya yi, "Ai kai ne ba ka iya riƙe kaya ba." Wannan kalmar ce ta zauna mini. Ni da keken da Baba ya ba ni ya shekara goma sha a hannuna.

Shekarun da suka biyo baya ba abin faɗi. Na lulluɓe ta da tsohon zane, ta zama wurin ajiye makullai.

Babban ɗana ne ya warware mini zancen bayan ya girma ya karanci kwamfuta. Ya ce, "Baba, ba laifinka ba ne. Ƙofofin da tawada ke fita sun fi gashin kai siranta, in aka bar su ba aiki sai tawadar ta bushe a ciki. Irin wannan tana son a buga ko shafi ɗaya ne duk mako." Sai ya tambaye ni abin da ya kamata Yaya ya tambaya tun farko: me nake bugawa, kuma sau nawa? Na duba, wasiƙu ne, fom, takardun yara, baƙi da fari, wani lokaci a yi wata ba a buga komai ba. Ya ce to leza ce tawa, mai baƙi zalla. Ita ba ruwa a cikinta, gari ne, tona, zafi ke narkar da shi ya manne a takarda, shi ya sa shafin ke fitowa da ɗumi. Gari ba ya bushewa don dama busasshe ne. Kuma ba sabon abu ba ne: wani injiniyan Xerox, Gary Starkweather, ya ƙirƙiro ta, HP kuma ta fitar da LaserJet ta farko a 1984. Wato ranar da muke tsaye da Yaya gaban kwalin nan, maganin matsalata yana nan a kanta ta gaba.

Wannan karon na tambayi harawa kafin doki. Na duba shafi nawa aka rubuta tona ɗaya zai buga, na raba kuɗinsa da adadin, na sami kuɗin shafi guda. Yaron ya ja kunnena cewa ana auna adadin ne da shafin da rubutu ya rufe kamar kashi 5 cikin 100 nasa, don haka mai cika takarda ba zai kai can ba. Na tambaya ko ana samun tonar cikin sauƙi, ko kuma ganga, abin da ke ɗora tona a kan takarda, daban take da tona, kamar yadda kamfanin Brother ke yi a yawancin nasa, ko a haɗe suke. Na zaɓi mai buga gaba da baya da kanta, mai karɓar aiki daga waya, amma na nace sai da kafar USB, don na ga yadda wayfay ke yi wa mutum gardama a ranar da yake sauri. Aibinta ɗaya da na gani, tana zuƙar wuta sosai lokacin da take ɗumama, ƙaramin batir ba ya ɗaukarta.

Kada a ce na yi wa masu tawada rashin adalci. Akwai masu tanki yanzu, irin su EcoTank na Epson da MegaTank na Canon, da kwalba ake ɗura musu, shafinsu na da arha ƙwarai. Mai buga launi kullum ita ta dace da shi. Ni dai ba shi ba ne, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Baba bai ga ko ɗaya cikin biyun ba. Da yana raye da na je na durƙusa na ce masa na ji maganar harawa, a makare.

Bara Yaya ya zo da wasu takardu a waya yana so a buga masa, tasa ta toshe. Na karɓa ban ce uffan ba. Shafi 12 suka fito kafin ya gama gyara zama. Ya ɗauki na sama, ya shafa ɗuminsa da tafin hannu, ya ce, "Sau nawa ka canza mata tawada?" Na ce, "Sau ɗaya, Yaya, cikin shekara uku." Ya yi shiru, can ya ce, "Ai dama na faɗa maka, Baba yana cewa ba a tambayar kuɗin doki." Uwargida ta yi sauri ta shige ɗaki don kada dariya ta kufce mata. Ni kuwa na jera masa takardunsa, na raka shi har ƙofa.

Mako mai zuwa zan koma baya, shekarar da aka ba ni keken nan.