Baƙo a Cikin Kwamfutar Shagona

Shagona yana bakin kasuwa a wani ƙauye da ke tsakanin Ringim da Taura, kuma kwamfuta guda ɗaya ce tak a cikinsa, wata tsohuwar HP ta ɗora a cinya wadda na sayo a Kano shekaru huɗu da suka wuce. Da ita nake buga takardun haya da na sayen gona, da katin gayyatar aure, da tambayoyin jarrabawa na makarantun Islamiyya, saboda haka duk ranar da ta ƙi tashi, ranar ba a cefane da kuɗin shago. Wanda ya san wannan zai gane dalilin da ya sa na yi shiru na tsawon lokaci sa'ad da ɗan ƙanena, wanda ke karatun kimiyyar kwamfuta a Dutse, ya zo hutu ya ce mini yana bukatar ya saka Linux, wata babbar manhaja irin Windows, a cikinta domin aikin da aka ba su.

Abin da na sani a lokacin shi ne kwamfuta babbar manhaja ɗaya take ɗauka, wato wadda ke tashe ta, ta kuma riƙe sauran manhajoji, kuma tawa Windows 10 ce. Idan aka goge ta, firintata za ta tsaya, manhajar da nake zana katin aure da ita za ta tafi, haka ma takardun mutane da ke ajiye a ciki. Na ce masa ban yarda ba. Ya ce, "Baffa, ba zan taɓa mata komai ba," yana shafa murfin kwamfutar, sannan ya juyo gare ni ya ƙara da cewa, "Ɗaki ɗaya kawai za ka ara wa baƙo, gidan yana nan a hannunka."

Daga baya na gane cewa ba don ya lallashe ni ya kawo misalin baƙo ba, domin haka masu wannan fanni suke kiran abin. Akwai manhaja mai suna VirtualBox, wadda kamfanin Oracle ke riƙe da ita tun shekarar 2010, kuma kyauta ake samunta. Aikinta shi ne ta ƙirƙiri kwamfutar da babu ita a zahiri, ta yanko mata wani yanki na ƙwaƙwalwar aiki da ake kira RAM, da wani yanki na ma'ajiya, da wani kaso na ƙarfin injin. Babbar manhajar da ke kan kwamfutar ta gaskiya ita ce mai masauki, wadda aka saka a cikin ta ƙirƙirar kuma ita ce baƙuwa. Baƙuwar tana zaton tana zaune a kan injinta na kanta, alhali duk ma'ajiyarta fayil ɗaya ne da ke kwance a cikin wata folda ta Windows, wanda idan na ga dama zan iya kwafe shi a filash ko in goge shi.

Mun fara aikin bayan sallar isha'i, bayan an rufe shago. Yaron ya zo da Xubuntu, wani nau'in Linux, a filash, wanda ya sauko da shi tun a Dutse, domin a nan ƙauye sauko da fayil mai nauyin gigabait da yawa yana iya cinye dare guda da datar wata guda. Ya zaɓi Xubuntu ne maimakon ɗan'uwansa Ubuntu saboda fuskarsa, wadda ake kira XFCE, ba ta da nauyi a kan tsohuwar kwamfuta. Karon farko abin ya ƙi tashi, wani saƙo ya fito cewa an kashe VT-x, wato wata baiwa da ke cikin injin Intel wadda ke ba shi damar ɗaukar baƙo. Sai muka kashe kwamfutar, muka kunna muna danna F10 har muka shiga BIOS, wato saitin injin da ke tashi kafin Windows, muka kunna ta, muka fito.

Ba zan manta da lokacin da fuskar Linux ta bayyana ba. Wata ƙaramar taga ce a tsakiyar allo, tana da nata bangon, da nata agogon, da nata jerin manhajojin, kuma a bayanta ga Windows da takardar gonar da ban gama bugawa ba. Na matsa linzami ya shiga cikin tagar, na buɗe folda, na rufe, na dawo waje na ci gaba da rubutuna. Tagar ta yi ƙanƙanta a farko, har sai da muka saka ƙarin manhajar da VirtualBox ke tanada domin baƙo, sannan fuskar ta riƙa miƙewa daidai da girman tagar, kuma muka samu damar buɗe folda ɗaya da ɓangarorin biyu ke gani. Maɓallin Ctrl na hannun dama shi ne ƙofa: idan aka haɗa shi da F, baƙon ya cika allo gaba ɗaya, har wanda ya shigo shago ba zai san akwai Windows a ƙarƙashi ba.

Amma baƙo yana cin abinci, kuma daga tukunyar gida yake ci. Kwamfutata RAM ɗinta gigabait 8 ne. A farko mun ba Linux gigabait 5, sai Windows ta fara jan ƙafa har buɗe takarda ya zama aiki, saboda haka muka mayar da shi 3, aka samu daidaito. Abin da ban iya gyarawa ba shi ne zafi da batir. A watan Afrilu, lokacin da kwanon rufin shago ke tiriri tun hantsi, fankar kwamfutar tana kuka da zarar an tashi baƙon, kuma batirin sola da ke kai ni la'asar sai ya fara ƙarewa tun bayan azahar. Don haka na yanke cewa ranar kasuwa ba a kunna shi.

Akwai wata hanya da muka gwada, wadda Microsoft da kansa ya tanada, mai suna WSL, wadda ke tafiyar da Linux a cikin Windows. Ya fara ta a 2016, sannan a 2021 ya ƙara mata damar nuna manhajojin Linux masu hoto. Tana da sauƙi da sauri, amma tagogi ɗaiɗai take buɗewa a kan fuskar Windows, ba cikakkiyar fuskar Linux ba, sai dai idan mutum ya saka XFCE da xrdp, manhajar da ke buɗe ƙofar shiga daga nesa, ya shiga ta manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa. Mun kuma lura cewa idan WSL 2, wato zubinsa na biyu, yana kunne, VirtualBox yana nuna hoton ƙaramin kunkuru kore a ƙasan tagarsa, alamar cewa yana bi ta ƙarƙashin Hyper-V ne, wato manhajar Microsoft ta ɗaukar baƙo, kuma tafiyarsa ta ragu ƙwarai. Ga ɗalibin jami'a da ke rubuta umarni a baƙin allo, WSL ya wadatar. Ni kuwa na zaɓi cikakkiyar fuskar, saboda wani dalili da ban hango ba a daren farko.

Akwai yara biyar ko shida da ke taruwa a ƙofar shagon da yamma suna leƙen abin da nake yi, kuma shekara da shekaru ina hana su taɓa kwamfutar, ba don rowa ba, sai don tsoron kada hannu ɗaya ya ɓata mini hanyar abinci. VirtualBox yana da wata dabara ta ɗaukar hoton yanayin baƙon gaba ɗaya, ta yadda duk ɓarnar da aka yi daga baya za a iya komawa wancan yanayin cikin ƙasa da minti ɗaya. Da na fahimci haka sai na cika allo da Linux, na tashi daga kujera, na ce su zauna. Wata yarinya 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare ta goge sandar da ke saman allo baki ɗaya, ta janye hannunta da sauri, idanunta suka ciko, ta ce, "Malam, wallahi ban sani ba." Na mayar da hoton yanayin tana kallo, komai ya dawo mazauninsa, ta daɗe tana duban allon kafin ta sake miƙa hannu. Ita ce daga baya ta fi kowa saurin rubutu, bayan mun kunna tsarin maɓallan Hausa da ke cikin Linux, wanda ke ba da ƙ da ɗ da ɓ ba tare da an je nemansu a wani wuri ba.

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 aka daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, kuma injina Intel ne zubi na shida, alhali Windows 11 daga na takwas take farawa. Ɗan ƙanena ya ba ni shawarar mu juya lamarin, Linux ya zama mai masauki, Windows ta koma baƙuwa wadda za a kunna kawai idan za a zana katin aure. Na ce masa sai na ga firintata ta buga takarda daga cikin Linux sau da yawa ba tare da tangarɗa ba. Makon jiya ta buga takardar sayen gona guda biyu, kuma na ajiye kwafin ta farkon a cikin aljihun teburina har ya dawo hutun da ke tafe.