Babur ɗin riƙon ƙwarya: yadda na ƙare a kan V-Strom

Giyar motata ce ta zauna ana saura kwana kaɗan azumi, da bakanike ya faɗa min kuɗin gyara sai na yi dariya kawai na sayar da ita a yadda take. Dama tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake jan ta da ƙyar. Kuɗin da na karɓa ba zai sayi wata motar kirki ba, sai na ce bari in nemi abin da zai riƙe ni shekara ɗaya ko ɗaya da rabi kafin in tara, wanda zai kai ni aiki daga Rijiyar Zaki zuwa Bompai kullum, ranar Asabar kuma ya kai ni gona wajen Kura ta titin Zariya, har da ɗan burjin da ake shiga bayan an sauka daga kwalta.

Kowa cewa yake sayi Boxer ka huta, kuma gaskiyarsu, ba abin da ya kai shi sauƙin kaya da gyara. Amma duk wanda tirela ta taɓa wuce shi a titin Zariya yana kan ƙaramin mashin ya san abin da nake gudu. Su kuma manyan masu injin cc 1000 ɗin nan (cc shi ne ma'aunin girman inji) na 'yan wasan Lahadi, ba ni da kuɗin tayarsu balle ƙashin da zan karya. Sai na tsaya a tsakiya, daga 500 zuwa 700.

Na fara ganin wata CBR600 'yar Beljiyam, jawur, kukanta kaɗai zai sa ka manta lissafi. Na hau na ɗan zaga, minti goma a cunkoson adaidaita na Kabuga wuyan hannuna ya fara ciwo saboda a kife kake zaune, ga zafin inji yana gasa maka cinya, fanka sai tashi take. Silinda huɗu, fulogi huɗu, robobin jiki kuwa in ta faɗi sau ɗaya sai an yi odar su. Na sauka na ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Honda CB500X ce ta kwanta min a rai sosai, injinta cc 471, ba ta da nauyi kuma ba ta shan mai, sai dai a 2013 aka fara yin ta, shi ya sa har yanzu kuɗinta bai sauko inda aljihuna yake ba. Saura biyu kenan, Kawasaki Versys 650 da Suzuki V-Strom 650. Dukkansu silinda biyu ne, a miƙe kake zama, dukkansu kuma injekta ne ba kabureta ba. Inda suka rabu shi ne tayar gaba. Ta Versys inci 17 ce, ta fi daɗin lanƙwasa a gari kuma ta fi sauƙin samu, ta V-Strom 19 ce, ta fi haɗiye rami da yashi. Ni da damina ke jira na a hanyar gona, sai na karkata wajen Suzuki, ga tanki mai cin lita 22 a samfurin farko da aka fara a 2004, kuma injin V ɗin nan na cc 645 tun zamanin wani babur na Suzuki mai suna SV650 na 1999 ake yin sa, duk inda ka bincika a intanet za ka samu kayansa.

Ranar dubawa na tafi da bakanikena, wani dattijo da ya daɗe yana taɓa manyan babura. Tun daga waya ya ce, "Yallaɓai, ka ce kar su tayar da shi sai mun zo." Muna isa bai ce uffan ba, ya ɗora bayan hannunsa a jikin injin, ya ɗago ya kalli dillalin, ashe da ɗumi, sun riga sun ɗumama shi. Haka muka zauna muka sha shayi sai da ya huce sarai sannan aka tayar, ya tsugunna yana kallon bakin salansa ko hayaƙi zai fito. Ya sa mita a batir ya ɗan murɗa, ta nuna volt 14, ya gyaɗa kai. Ya leƙa ruwan lagireto, ya ja cen ya duba haƙoran sufuroket, sannan ya nuna min wasu lambobi huɗu a gefen taya, 2314. "Sati na 23 ne na shekarar 2014, Yallaɓai. Zanenta bai cinye ba amma ta bushe kamar ƙirgi, a cire kuɗinta." Wallahi ni da ido cewa zan yi sabuwa ce.

Dillali ya ce albarka, muka ja muka ja, daga ƙarshe dai aka rage kuɗin taya biyu da cen. Abu ɗaya da na kafe a kai shi ne takardun kwastam, da lambar jikin firam ta zo daidai da ta takarda harafi da harafi, domin ni ba aure muka ɗaura da babur ɗin nan ba, watarana zan sayar, kuma mashin marar takarda ko kyauta ka ba wani sai ya yi tunani.

Yanzu wata biyar kenan. Yana ba ni wajen kilomita 20 a lita in ban yi ganganci ba. Nauyinsa ya haura kilo 200, ranar farko ma a ƙofar gida ya kayar da ni a tsaye, yaran layi suka zo suka taya ni ɗagawa suna ƙunshe dariya. Man bumburutu kuwa na haramta masa tun ranar da ya fara shaƙewa muka wanke famfon mai, gidan mai kawai. Tayar gaban nan mai 19 da nake yabo sai da na yi sati biyu ina jira aka turo min daga Legas, a nan kam na tuna Versys.

Hajiya har yau ba ta yarda ba, duk sanda na je gaishe ta sai ta leƙa ta ga hular kwano a hannuna sannan ta amsa, ta ce "To yaushe za a sayi motar?" Nakan ce mata bayan damina insha Allah. Maman yara dai ta lura ko shafin masu sayar da motoci na daina buɗewa.