Sitiyarin da babu ƙarfe tsakaninsa da taya

Jiya na kai ƙarfe biyun dare ina karanta amsar jami'in tantance ƙirƙira a kan takardar neman kariyar ƙirƙirarmu da muka shigar a Munik ta ƙasar Jamus. Wata takwas muna aikin sitiyarin da babu sandar ƙarfe tsakaninsa da tayoyi: ka murza, na'ura ta auna murzawar, kwamfuta ta aika saƙo ta waya, injin lantarki ya juya tayar. Jami'in ya zaƙulo tsoffin takardun ƙirƙira uku na wasu, ya ce rabin abin da muke kira sabo wasu sun riga mu. Wallahi raina ya sosu, amma da na karanta su na ga gaskiyarsa. Tun 2013 motar Infiniti Q50 ta fito da irin wannan, sai dai ta bar sandar a matsayin ko-ta-kwana. Cybertruck ta Tesla kuwa a 2023 ta cire ta ɗungurungum.

Abin da ya rage mana shi ne dabarar da motar za ta bi idan layin wuta ɗaya ya mutu ana cikin gudu. A nan za mu tsaya mu kare, domin kariyar shekara 20 da ke hana wasu kwaikwayon ƙirƙira ba a ba da ita sai ga abin da yake sabo, wanda kuma gwani ba zai hango shi da sauƙi ba.

Da safe na kira Baba, tsohon bakanike a Kano. Ya yi shiru, can ya ce, "To ɗana, direba da me zai ji ramin hanya a hannunsa?" Na ce akwai ƙaramin injin da ke mayar masa da wannan jin. Ya ce in turo masa zanen ya gani.