Dutsen da ruwa ke cinyewa

Shagona a Jos ƙarami ne, ni da yara biyu. Yawancin cinikinmu na duwatsu masu daraja ne, tomalin da akwamarin da safayar Mambila, masu yin kayan ado ke saye. Amma akwai wani kwastoma daban, mai tara duwatsu don sha'awa. Shi ba ya son a goge dutse ko a yanka, yadda ya fito daga ƙasa yake nema. Ta hannun irinsu na san dangin gishirin jan ƙarfe, wato duwatsu masu jan ƙarfe a ciki da ke narkewa a ruwa kamar gishiri.

Na farko da ya shigo hannuna kalkantait ne, shuɗi shar kamar an zuba masa bula. Na ajiye shi a fili kan kanta don masu wucewa su gani. Hunturu ya shigo, kafin wata guda gefensa ya yi fari, ina taɓawa yana zuba kamar gari. Ashe akwai ruwa a cikin ginin jikinsa, busasshiyar iska ta zuƙe shi. Da damina ce kuma, laima ce za ta narkar da shi. Na ji zafin asarar nan ƙwarai. Tun daga ranar kowane guntu yana cikin kwalba mai murfin roba, nesa da rana.

Wanda na fi ji da shi yanzu kironkait ne, shi har da sodiyam a ciki, launinsa shuɗin sama mai ɗan ratsin kore. An fara bayyana shi a 1879. Fitattun samfuransa daga mahaƙar Chuquicamata suke, kusa da Calama, cikin hamadar Atakama ta ƙasar Chile, inda akan yi shekaru ba a ga ruwan kirki ba. Rashin ruwan ne ya bar shi ya rayu, don shi ma yana narkewa a ruwa. Saman mahaƙar da ake samunsa an riga an kwashe, shi ya sa sai a tsofaffin tarin mutane ake dacewa. Nawa musanye na yi da wani mai saye, na ba shi tomalin.

Wajen tantancewa ba na yarda da ido kaɗai. Nakan ɓanɓari ɗan ƙwaya kamar ta gero in jefa a ruwa. Idan ta narke sai in tsoma goggen ƙusa, ba a jima ba za ta yi ja, jan ƙarfe ya hau kanta. Azurait, wani dutsen jan ƙarfe, shi ma shuɗi ne, amma ba ya narkewa a ruwa, kumfa yake yi in an ɗiga masa asid. Na hana yarana lasar dutse, don wannan guba ne, kuma duk wanda ya taɓa sai ya wanke hannu.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne kalkantait na haɗi. Ana narka hodar gishirin jan ƙarfen a ruwa, a bari ta daskare kan wani dutse, ta fito manya-manya masu kaifin gefe, a sayar da sunan na mahaƙa. Na asali galibi ɓawo ne ko zare-zare. Ina sayar da na haɗin ga ɗalibai, amma a jikin kwalbar nakan rubuta cewa hannu ne ya yi shi.